Tukunyar Wilda a Bayan Shinge

Duk wanda ya yi firamare a Tolliver Gap, ɗan garin nan na tsakanin tsaunuka, ko da yanzu ya yi furfura, idan ka ce masa Oktoba abin da zai fara zuwa hancinsa shi ne hayaƙin tukunyar Wilda Stamper. Tukunyar tagulla ce da yaro zai iya wanka a ciki, ta gaje ta daga uwar mijinta. Kowace shekara ranar bikin kaka na makaranta, wato bikin girbi, tun rana ba ta leƙo daga bayan tsauni ba, Wilda ta girka ta a ƙarshen filin wasa, ta cika ta da ferarriyar tuffa, ta hura wuta. Daga nan muciya ba ta tsayawa. Doguwa ce, mutum yana tsaye nesa da wuta yana turawa yana jawowa, har tuffar ta narke, ta yi duhu, ta zama man tuffa da ake shafa wa burodi duk tsawon hunturu. In aka tsaya ko kaɗan, gindi ya kama, ƙauri ya bi tukunyar gaba ɗaya. Shi ya sa ba aikin mutum ɗaya ba ne. Uba ya karɓa, malama ta karɓa, direban bas ya karɓa, yara a ɗora musu hannu su ma su ce sun tuƙa. A tsaunukan nan mutum zai iya gaba da kai shekara da shekaru, amma ba zai tsaya yana kallon tukunya tana ƙonewa ba.

Wilda ta yi ƙuruciyarta a masaƙar riguna har aka rufe ta, ta koma kicin ɗin gidan tsofaffi har gwiwoyinta suka ce sun gaji. Mijinta direban motar kwal ne, ciwon ƙirji ya kashe shi. Ɗa ɗaya ya bar mata, Travis, kyakkyawa mai daɗin baki, wanda bai taɓa gama abin da ya fara ba. Travis ya auri Kendra, suka haifi Junie. Shekarun farko Kendra Mama take ce wa Wilda, kuma Wilda ce ta koya mata riƙon muciya: a bi gefe sau biyu, a ratsa tsakiya, a goge gindi.

Da auren ya mutu aka je kotu a kan wa zai riƙe yarinya. Wilda ta sa rigar cocinta ta tsaya a bayan ɗanta, ta ce wa alƙali Kendra ba uwar kirki ba ce, ba ta zama a gida, tana barin yarinya da yunwa. Kendra kuwa aikin asibiti ne ke hana ta zama, kuma Wilda ta sani. Alƙali ya ba Kendra yarinya. Ba a jima ba Travis ya tattara ya tafi Texas aikin rijiyar mai, waya ma sai ya ga dama. Kendra ta rufe ƙofarta. Tun daga nan Wilda ba ta ganin jikarta sai ranar bikin kaka, domin ranar kowane aji sai an kawo shi wurin tukunya.

Idan ka tambaye ta me ya sa har yanzu take wahalar da kafaɗunta, cewa za ta yi, “Don makaranta nake yi.” Ba ƙarya ta yi ba. Amma tun watan Agusta take zaɓar tuffa tana tunanin tsawon da yarinyar ta ƙara, da ko haƙoran gabanta sun fito.

Bana iyaye suka zaɓi Kendra shugabar kwamitinsu. Wilda ta je taron shirin biki a ɗakin cin abincin makaranta, ta zauna a kan kujerar yara gwiwoyinta na kusa da haɓarta.

“Misis Stamper,” in ji Kendra, ba ta kalle ta ba, “bana ba wutar itace a harabar makaranta. Abinci kuma sai na kanti, a rufe, saboda yaran da wasu abubuwa ke tayar wa ciwo. Masu aiki ranar kuma iyaye ne kawai.”

“Misis Stamper? Yaushe aka raɗa mini sabon suna ba a gayyace ni ba?”

“Iyaye na ce. Waɗanda yaro ke hannunsu.”

“To ni mece ce, baƙuwa? Man tuffar nan ya taɓa kwantar da ɗan wani?”

“Ni dai tumbi ya ajiye mini,” in ji wani uba daga baya. Aka yi dariya, aka ga fuskar Kendra, dariyar ta mutu.

Dokar ba ta banza ba ce. Bara wani yaro ya ci kek mai gyaɗa, fuskarsa ta kumbura, sai da aka kira motar asibiti. Kendra ta ambaci wannan har sau biyu, kuma ta gaskata kanta. Sai dai duk wanda ke ɗakin ya lura dokokin uku kamar tela ne ya auna su a jikin mace ɗaya.

Wilda ta miƙe da ƙyar. “Harabar makaranta kika ce ko? To madalla.”

Bayan shingen wayar makaranta gonar Orval Bledsoe ce, tsoho mai awaki, wanda suka yi aji ɗaya da Wilda tun ana zuwa makaranta a ƙasa. Ranar Asabar ɗin biki, kafin motar farko ta iso, akori-kurarta na tsaye a gonarsa, tukunya na kan murhu, taku kaɗan daga waya.

“Wilda, ke dai ba ki san an tsufa ba,” in ji Orval, yana jibge itace. “Wa zai karɓe ki? In kira matan coci?”

“Ka kira su ka ga in ban juye maka wannan a ka ba.”

“To ba ni muciyar in ɗan taɓa.”

“Da wannan hannun mai rawa? Je ka wurin awakinka, tsoho, su ne sa’o’inka.”

Ya tafi yana girgiza kai. Bai gane ba, ko ya gane ya yi shiru.

Filin makaranta ya cika. An jera kabewa a kan tebura, an fafe wasu an yi musu ido da baki. Tarakta na jan amalanke cike da harawa, yara a sama suna ihu, an zana musu gashin bakin kyanwa a kumatu. Ganyaye ja da rawaya na zubowa a kan kek ɗin kanti da ke jere cikin roba. Iska kuwa daga gonar Orval take busowa. Da hantsi ƙanshin tuffa ya tsallaka waya. Da Wilda ta zuba kirfa da kanumfari, har malamai sai da suka riƙa waiwaye.

Iyaye suka fara matsowa jikin shinge, ɗaya ɗaya, kamar hanya ce ta biyo da su. “Sannu da aiki, Wilda.” “Yawwa.” Ba wanda ya tsallaka. Kowa na da ɗa a makarantar, kuma Kendra na tsaye a tsakiyar fili, ta ba shingen baya da ƙarfi har bayan nata kamar yana gani. A teburin kabewa akwai Junie sanye da ’yar jar hula, an ce mata kada ta motsa daga nan. Wilda ta ga hular tana juyowa, tana komawa. Ta ƙara tsawo. Fuskar ce ba ta gani sosai daga nan.

Rana ta karkata, kafaɗar Wilda ta fara wuta, yatsunta suka ƙage a jikin itacen. Man ya yi kauri, yana ɓulɓulowa yana tofar da zafi, daidai lokacin da ya fi saurin kamawa. Ita kanta ba za ta iya rantsuwa ba ko hannun ne ya gaza ko tun Agusta ta shirya wannan. Ta zaro muciyar, ta gicciye ta a bakin tukunya, ta kife bokiti ta zauna, ta harɗe hannuwa.

Wani ya ƙwala kira daga bakin shinge.

“Wilda! Zai kama!”

“Ya kama mana. Ai ba na makaranta ba ne.”

Wani uba ya ɗora ƙafa a kan waya, matarsa ta riƙe masa riga. Wuta na ci. Kowa ya san abin da ke faruwa a gindin tukunyar nan. Wilda ta kafa ido a bayan Kendra ba ta ko ƙiftawa.

Kendra ta juyo. Ta kalli muciyar a kwance, ta kalli tsohuwar. Ta ce wani abu da bai kamata shugabar iyaye ta faɗa a gaban yara ba, ta ratsa mutane, ta haye shingen, waya ta yage mata gefen riga. Ta fizgi muciyar ta luma har gindi. Gefe sau biyu, tsakiya, gefe sau biyu.

“Ke muguwa ce, kin sani?” ta ce, haƙora a cije.

“An sha gaya mini. Goge can ɓangaren, kina barin sa.”

“Kar ki koya mini! Da gangan kika yi.”

“Ke kuma dokokinki daga sama suka faɗo.”

Kendra ta yi ta tuƙi, idonta na ƙwalla saboda hayaƙi, ko kuma ta bari a ɗauka hayaƙin ne. “Kin tsaya gaban alƙali kin ce ina barin ’yata da yunwa. Ni. Ina fitowa daga aiki ƙafafuna a kumbure in dafa mata. Har yau ba ki ce mini komai ba.”

Wilda ta gyara itace a wuta. Ban haƙuri ba ya cikin abubuwan da bakinta ya iya, kuma ba ta yi niyyar koya yau a gaban rabin gari ba.

“Na faɗa,” ta ce. “Ƙarya ce, kuma don ɗana na yi ta. Bai kai a yi masa ita ba. In roƙo kike jira in durƙusa, gwiwoyin nan ba sa lanƙwasuwa, tambayi likita.”

“Shi ke nan abin da za ki ce?”

“Shi ke nan abin da nake da shi. Yarinyar nake so in gani, Kendra. Ba wani abu.”

Muciya ta yi zagaye da yawa kafin Kendra ta ɗaga kai. “Junie! Zo nan. Bi ta ƙofa, kar ki hau waya.”

Junie ta hau waya. Ta diro da gudu, hula a hannu, fuska duk fenti. “Mamo!” Ta faɗa jikin tsohuwar har bokitin ya nemi kifewa. Haƙoran sun fito, manya, sun yi wa bakin yawa.

“Wa ya ba ki haƙoran doki, ’yar nan?”

“Irin naki ne, Mamo.”

“Ji mini ja’ira! Kama muciya, uwarki ta gaji.”

Da mutane suka ga shugaba da kanta a gonar Orval, sai shingen ya zama ba shinge ba. Iyaye suka yi ta tsallakowa suna jiran layin tuƙi, Orval na tsaye yana korar awaki daga buhunan tuffa.

Kendra ta miƙa muciyar, ta share ido da bayan hannu, ta sunkuyo kusa da kunnen Wilda. “Kar ki ɗauka an shirya. Har a sauke tukunyar nan, tana wurinki. Ana saukewa, gida za mu.”

“Har a sauke,” in ji Wilda. “Na ji.”

Man ya kusa nuna, kowa na gani. Ya yi duhu, yana tsayawa a jikin cokali. Wilda ta miƙe, ta zare manyan itatuwa biyu daga wutar ta jefar gefe. Sannan ta taka zuwa akori-kura, ta sauko da wani babban bokiti cike da ɗanyar tuffa ferarriya, wanda ta rufe da tsumma tun safe, ta juye shi duka a cikin tukunyar.

Kendra ta buɗe baki.

“Tuƙa a hankali, Junie,” in ji Wilda, tana ɗora hannunta a kan na yarinyar. “Wannan da sauransa.”