Auta, Ruwan Ya Yi Zafi

Ranar Talata, tara ga watan jiya, da hantsi, 'yarka ta kira ni ta ce ka cika. Ta ce ka karya kumallo, ka sa aka fitar maka da kujera bakin ƙofa, a kanta rai ya yi halinsa. Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma. Shekarunka saba'in da ɗaya. Na girme ka da goma sha uku, ban taɓa zaton ni zan ɗauki alƙalami a kanka ba.

Kai ne ƙanin matata, autan gidansu. Shekara talatin kana aikin lantarki a masana'anta, kowa yana ce maka Injiniya, ni kaɗai na ƙi, ina kiranka Auta har ka yi furfura. Kai kuma kana ce mini Malam Takarda, wai na yi rayuwata ina koyar da lissafi amma ko ƙwan fitila ban iya canjawa ba. Ban musa ba, don gaskiya ce.

Wasu za su faɗi gidajen da ka ja wa wayar lantarki kyauta. Ni abu ɗaya zan faɗa.

Bayan rasuwar yayarka, hitar da ke dafa mini ruwan wanka a banɗaki ta daina aiki. Ruwan sanyi ba ya shiri da gaɓoɓina. Na koma dafa ruwa a tukunya ina ɗaukowa, har wata safiya hannuna ya yi rawa, na ƙone ƙafa. Babbar 'yata ta zo ta ga ƙunar, ta ce magana ta ƙare, zan koma gidanta, bene hawa na uku. Don ƙauna ta faɗa, na sani. Amma a gidan nan na zauna da uwarta shekara arba'in da shida, kuma har yau ina sanin inda inuwar taga take kaiwa a kowace sa'a. Na roƙe ta mako ɗaya.

A lokacin ciwon sukari ya riga ya tafi da idanunka. Na kira ka ne don in yi ƙorafi kawai, sai ga ka washegari a tasi, da tsohuwar jakar kayan aikinka. Na ce mu kira mai gyara. Ka ce mai gyara zai gyara ya tafi, gobe ta sake lalacewa a sake kawo mini zancen bene.

"Ni ne kai, kai ne hannu," ka ce. "Kifa mini bokiti in zauna."

Ka zauna a ƙofar banɗaki kana tambayata kamar likita. Ruwan ba ya ɗumi ko kaɗan, ko yana ɗumi ya huce da wuri? Kafin ta tsaya, tana ƙara kamar ana soya abu? Ka sa na kashe babban makunni. Na ce na kashe, ka ce ba ka yarda da malamai ba, in ɗora testa, abin gwada ko akwai wuta, a kan waya in gani. Ka sa na danna jan maɓallin da ke ƙarƙashin murfi, bai amfana ba. Sannan na ɗora mitarka ta awon lantarki a kan ƙarfen da ke dafa ruwan, na karanta maka abin da ta nuna, ka ce ya mutu. Muka zubar da ruwan tankin, na kwance shi da sufana, sai ga shi ya yi fari fat da dattin ruwa. Ka shafa shi da yatsu, ka ce ya fi ni tsufa.

Ka sa na sayo sabbi guda biyu. Na tambaye ka dalili, ka ce zan gani. Na ɗaura sabon, ɗoki ya kama ni, na kunna wuta tankin babu ruwa. Kai ka fara jin ƙaurin. Ka yi dariya har da tari, ka ce ga dalilin, in ɗaura na biyun, in koma in sayo na uku a ajiye. Tun ranar na haddace: a cika tanki, a buɗe famfo har ya daina tofar da iska, sannan a kunna.

'Yata ta zo ta tarar da ruwa mai zafi, ta ɗage zancen, amma ta ce in ta sake lalacewa babu roƙo.

Daga nan kowace Asabar kana zuwa, wai duba hita. Sai ka kara kunne a jikinta, ka ce lafiyarta lau, sannan mu sha shayi muna hirar yayarka har la'asar. Shekara uku muna haka. Na san ba hita kake dubawa ba, kai ma ka san na sani.

Kwana goma sha biyu bayan mun binne ka, na buɗe famfo na ji sanyi. Na zauna a kan bokitinka na ɗan lokaci. Jakarka tana nan inda ka saba barinta, da na ukun a ciki. Na kashe makunni, na ɗora testa duk da na san na kashe. Na bi komai daki-daki, ina hutawa in numfashi ya gaza. Aikin da muka yi cikin awa biyu ya cinye mini yini guda. Na jira famfo ya daina tofi kafin na kunna.

Ranar Asabar 'yata ta zo. Maƙwabciya ta gaya mata ta ga ina zubar da ruwan tanki, don haka ta taho da kwalaye na haɗa kaya. Ta wuce banɗaki, ta tara hannu a famfo, ta janye da sauri.

"Baba, wa ka kira?"

Na ce, "Kawunki."

Ta daɗe tana kallon jakar. Da za ta tafi, ta mayar da kwalayen cikin mota.

Auta, ina nan a gidana, ruwan ya yi zafi, zuciyata kuma a kwance take. Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya mayar maka da ganinka a inda babu duhu, ya haɗa ka da yayarka cikin rahama. Ina yi wa matarka da 'ya'yanka da jikokinka ta'aziyya, da ni kaina. Allah ya ba mu haƙuri, ya sa in tawa ta zo in cika da imani. Amin.