Jariri a Farin Ƙyalle

Shekarun ba su da yawa, amma ba zan rantse a kan kowace kalma da ke nan ba. Wasu maganganun da kunnena na ji su, wasu kuwa maimaita mini aka yi ta yi har na ɗauka ina wurin. Ranakun ma suna sarƙe mini. Hoton kaɗai nake da tabbaci a kansa, domin ni na ɗauke shi.

A lokacin na gama bautar ƙasa na koma ƙauyenmu da ke bakin kanal, tsakanin Kura da Bunkure, babu aikin yi. Na dawo da tsohuwar kyamara da wani littafin rubutu da na cika da dabarun ɗaukar hoton jarirai, waɗanda na tsinto a bidiyoyin intanet. Lissafina shi ne, tunda ni mace ce, zan shiga ɗakin jego inda mai hoto namiji ba ya shiga. Har yau ina iya karanto dabarun da ka. A kashe fitilar kyamara don kada ta haske idon jariri. A nemi hasken taga na hantsi. A bari ya sha nono ya ƙoshi, barci ya kwashe shi. A wanke hannu, kada a lanƙwasa shi yadda jikinsa bai so ba. A naɗe shi da farin ƙyalle mara zane, don ido ya tsaya a kan fuskar. A ƙarƙashin wannan ta ƙarshe na ja layi biyu.

Matar yayana ta haihu ana tsakiyar ɗiban tumatur, kwana guda bayan Yaya ya bi motar kwanduna zuwa Legas. Kayan gonarmu ne da na maƙwabta biyu da suka ba shi amana. Aka samu namiji. Da aka sanar da Yaya a waya sai ya ce in turo masa hoto.

Inna, mahaifiyarmu, ba ta so ba. "Ba a nuna ɗa kafin suna," in ji ta. "Baki gare mutane."

"Inna, ubansa kaɗai zai gani."

"Waya ta san uba ne?"

Ba ta hana ba dai, ta juya ta ci gaba da dama kunun kanwa.

Rana ta uku da hantsi, bayan mai jego ta fito wanka, na shiga. Ɗakin da ɗumin garwashi, hasken taga ya faɗo daidai bakin gado. Yaron ya ƙoshi ya yi barci. Na zaro sabon farin mayafina na naɗe shi tsaf har haɓa, hannu da ƙafa duk a ciki, na kwantar da shi. Tsohuwar ungozomarmu tana zaune a kujera 'yar tsuguno tana kallona.

"Jikata, wannan farin fa?"

Na yi mata bayanin fuska da ido. Ta daɗe tana dubana, ta ce, "To, ku ne 'yan boko," ta fita. Na ɗauka tsoron kada ya ɓata mini mayafi take yi. Hoton ya yi kyau ƙwarai. A wurina a lokacin ban taɓa ɗaukar kamarsa ba.

A garinmu sai an hau gadar kanal ake samun sabis mai tura hoto. Na sa shi a wayata na je can na tura. Ina jin kamar na rubuta "ga shi nan yana barci" a ƙasa, amma da na duba daga baya babu rubutun. Ko bai tafi ba ne, ko a raina kawai na rubuta, ban sani ba.

Ban sauko daga gadar ba wayar ta yi ƙara.

"Auta," in ji Yaya, muryarsa a ƙasa, ga hayaniyar kasuwa a bayansa, "yaushe ya rasu?"

"Wa? Subhanallahi! Yaya, barci yake yi!"

"Barci a likkafani?"

Na sake buɗe hoton. Farin ƙyalle har haɓa, ido a rufe, babu hannun kowa a kusa. Sai a lokacin na ga abin da ungozoma ta gani.

A wajenmu ba a jefa wa matafiyi labarin mutuwa ta waya. Cewa ake yi jiki ya ɗan matsa, ya taho gida. Shekara biyu kafin wannan, 'yar farin Yaya ta rasu tana da kwana tara, shi yana hanyar kudu. Inna ta ce kada a faɗa masa, kada hankalinsa ya tashi a kan titi. Ni aka ba wayar. Ni na ce masa, "Jikin da sauƙi, amma ka taho," alhali an riga an binne ta a bayan ɗaki. Ya iso da 'yan riguna a leda.

Saboda haka da na rantse masa a kan gada, sai ya ce, "Wancan karon ma ke ce."

Na koma gida da gudu. Matarsa ta sosa tafin ƙafar yaron har ya farka ya tsala kuka, na ɗauki bidiyo, na sake hawa gada na tura. Ya kira.

"Na yaushe ne wannan? Na shekaranjiya?"

"Na yanzu ne wallahi."

"Na ji an haihu a gidan liman ma. Ko nasu kuka aro?"

Na roƙi Inna a kai yaron gada Yaya ya gan shi ido da ido ta waya. Ta ce ɗan kwana uku ba zai sha iskar bakin ruwa ba ko uban wa ke kira, mai jego kuma ba ta taka ƙofar gida. Amma ta yafa mayafi ta biyo ni da kanta. Yaya ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta faɗa, kuma ba ta saba doguwar magana da shi ba. Ta riƙe wayar nesa da kunne ta ce, "Kai, lafiya ƙalau muke. Ka gama abin da ya kai ka."

Ina jin amsarsa daga inda nake. "Inna, da babu lafiyar ma ai haka za ki ce."

Ta miƙo mini wayar. Matarsa ta gwada kiransa da ƙaramar wayarta daga ɗaki, amma da ta ji muryarsa sai kuka ya ƙwace mata, layin kuma ya yanke. Wannan ya ƙarasa ɓata lamarin.

Kafin la'asar zancen ya zaga gari, ban san ta bakin wa ba. Maƙwabtan nan biyu masu tumatur suka zo zaure suna tambaya a kaikaice ko akwai abin da ya kamata su sani. Matan da suka riga suka yi barka suka dawo yin ta biyu, kowace sai ta ɗaga zane ta leƙa ta ɗan jima. Inna ta ƙwace farin mayafin ta cusa a ƙasan adaka, tana yi mini kallon wadda ta yi wa jikanta mugun fata. Ni ma abin ya shige ni. Duk bayan ɗan lokaci sai in shiga ɗakin kamar na manta wani abu, in kara yatsa a hancin yaron.

Yaya ya bar motar ba a gama sauke ta ba. Ya damƙa kayan a hannun wani dillali da bai sani sosai ba, ya hau motar Kano. Rana ta biyar, bayan azahar, mai babur ya sauke shi. Ya yi sallama a gajarce, idonsa yana neman tabarmin zaman makoki a ƙofar gida. Bai nufi ɗakin matarsa ba sai da ya zagaya bayan ɗaki ya duba ko akwai sabuwar ƙasa kusa da ta farko. Muna tsaye muna kallonsa.

Sannan ya shiga. Ungozoma ta miƙa masa yaron a cikin jar atamfa. Ya karɓa, yaron ya buɗe baki ya tsanyara ihu, ya kuma jiƙa masa gaban riga.

"To ga shaida," in ji ungozoma. "Ko ita ma ta gidan liman ce?"

Aka yi dariya, har da shi, yana share ido da hannun riga.

Dillalin ya sayar da tumatur yadda ya ga dama. Maƙwabtan ba su ce uffan a gabanmu ba, sun zo suna sun ci tuwo, amma da kakar tumatur ta zagayo wani suka ba kayansu. Na je ba Yaya haƙuri a kan hoton. Ya ce, "Ba hoton ba ne, Auta. Muryarki ce. Iri ɗaya da ta wancan karon." Ya sa na yi masa alkawarin duk abin da ya faru, ko yana ina, in faɗa masa yadda yake. Na yi. Inna har gobe tana cewa ɓoyewar jinƙai ce, kuma ba zan ce ba ta da hujja ba.

Na soke dabarar farin ƙyallen nan a littafina. Yanzu atamfa mai launi nake sa wa jariri, in jira ya buɗe ido ko ya yi hamma, kuma dole hannun uwarsa ya fito a hoton.

Matar Yaya ta ce rana ta huɗu aka yi hoton, ba ta uku ba, kuma wai ita ta fara cewa a canza ƙyallen ban saurare ta ba. Mai yiwuwa ne. Duk wanda ke gidan ko kan gada a kwanakin nan, in ya ga inda na kauce, ya aiko mini in gyara, musamman wanda ya san ko na rubuta saƙon nan ko ban rubuta ba.