Ranar da Ya Zainaba Ta Ari Almakashi

Shekara ashirin da huɗu Ya Zainaba ta yi tana kitso a unguwar Bulabulin ta Maiduguri, almakashi bai taɓa kwana a gidanta ba. Ba rashi ba ne, ra'ayi ne. Kakarta da ta koya mata sana'ar a unguwar Fezzan, tun tana 'yar shekara tara tana riƙe mata kwanon man shanu, ita ta dasa mata cewa mai kitso gyara take yi, ragewa aikin wanzami ne. Da wannan maganar ta yi aure, da ita ta tare a Bulabulin, kuma duk macen da ta kawo mata kai a cukurkuɗe tana cewa a rage bakinsa, sai ta sha faɗa kafin ta sha gyara.

Wurin aikinta gindin dalbejiyar tsakar gida ne: kujera 'yar tsugunno, tabarma, mataji, da kibiyar ƙarfe guda ɗaya wadda ta gada wurin kakar, ta siranta saboda shan hannu. In gashi ya ƙi, sai ta jiƙa karkashi har ya yi yauƙi, ta lafta, ta rufe kan da tsumma, ta tafi ta ɗora tukunya. In ta dawo sai ta fara daga bakin gashin tana hawa sama, sili-sili, ba ta gaggawa, ba ta kuma tausayi. Matan aure masu jikoki ma in suka motsa kai, mataji take ƙwala musu a ƙeya. Suna zaginta a hanya, mako biyu su dawo.

Shekarun fitina ba su tsayar da ita ba. Da aka hana babur a gari, mijinta Mikail, ɗan acaɓa, ya yi wata takwas a zaune kafin ya samu keke, kitson ne ya riƙe gidan. Da aka yanke layin waya, gindin dalbejiyar nan ya zama wurin jin waye ya dawo, waye ba a gani ba. Biki ya ragu, an daina kiɗa, amma mace ko zaman makoki za ta je sai ta so kanta a gyare.

Aminat ƙanwarta ce, uwa ɗaya uba ɗaya, tana aure a Bama wurin wani mai sayar da hula, Ajimi. A ƙarshen Agustan 2014 ta zo suna Maiduguri, Ya Zainaba ta zaunar da ita yini guda ta yi mata kitso ƙanana. Kwana biyar da komawarta garin ya faɗa hannun waɗanda mutane ke kira "yaran" don gudun kama suna. An kashe Ajimi a makon farko. Aminat kuwa, wata bakwai babu wanda ya ji ɗuriyarta, sai cikin zafin Afrilu da Mikail ya samo ta a wani sansani, ya kawo ta a bayan kekensa, ta rame har lafayar da aka ba ta tana zagaye ta sau biyu.

A ɗaki Ya Zainaba ta cire mata ɗankwali. Wari ne ya fara dukanta. Kitson ya haɗe ya zama abu guda, kamar tsohon buhu da ya sha ruwa ya bushe, ƙwarƙwata na yawo a kai, ƙarƙashi kuma gyambo ne yana ruwa. Amma a bayan kunnen hagu ta ga tsagar da ta karkace kaɗan, irin wadda hannunta kaɗai ke yi. Kitsonta ne, na ranar suna. Nan take ta rantse sai ta warware shi, ko da zai ci mata wata guda.

Ta je wurin Peter mai kemis neman magani. Namiji ne, ba zai ga kan ba, don haka da baki ta kwatanta masa. Ya saurara, ya ce mata magani ba zai kai ga fata ba sai an sauke gashin duka, kuma in aka bar gyambon a rufe cikin wannan zafi, zai iya kai ta asibiti.

Ta kalli sanƙonsa da ke ƙyalli, ta ce, "Kai da kanka kamar bayan ƙwarya, me ka sani game da gashi?"

"Na san gyambo, Ya Zainaba," in ji shi, ya miƙa mata maganin.

Ba taurin kai kaɗai ke cinta ba. An taɓa kawo wasu mata daga garuruwan da aka ƙwato, an aske musu kai saboda ƙwarƙwata, tun daga nan matan unguwar suka yanke hukunci: duk wadda aka gani da kai a aske, ta zauna da yaran, ta ci abincinsu, wa ya san abin da ta dawo da shi a zuciya. Irin waɗannan ba a zama kusa da su a gidan biki, ba a barin yara su ci daga hannunsu. Mace tana iya ɓoye kanta ga maza har ta mutu, amma ba ta ɓoye shi ga mata. Akwai ranar lalle, akwai ranar wanki, akwai iskar da ke ɗage ɗankwali a bakin famfo. In ta aske Aminat, da hannunta ta buga mata tambari.

Kwana uku suka yi a kai. Karkashi, man shanu, kibiya. Abin da ta iya warwarewa bai wuce faɗin yatsu huɗu ba, shi ma rabinsa ya biyo mataji da ɓawon fata a jiki. Aminat ba ta yi kuka ba, ba ta ce komai ba, sai dai ta damƙe gefen tabarma har ta karya zaren. Wannan shirun ya fi komai ba Ya Zainaba haushi. Ta yi faɗa da karkashin cewa na bana ba shi da yauƙi, ta yi faɗa da Mikail don ya ajiye keke a inda yake tare mata iska, ta yi faɗa da matan da suka saba zuwa ranar Laraba suka ƙi zuwa, ko da yake ba sa nan balle su ji.

Rana ta huɗu da hantsi Hajiya Inno ta yi sallama. 'Yar asalin Kano ce, mijinta na da shagon yadi, kuma shekara ashirin ba ta taɓa kai kanta kitso wani wuri ba sai nan. Ta zo da 'yarta Rumaisa'u, wadda saura kwana tara a ɗaura mata aure, a yi mata tsifa. Bayan gaisuwa ta yi wa Aminat barka da arziki daga nesa, sannan ta buɗe jaka ta fito da sabon mataji da sabuwar kibiya, suna cikin ledarsu, ta ajiye a bakin tabarma. Ta ce ba don komai ba, amarya ce, ana so komai nata sabo.

Ya Zainaba ta ɗaga tsohuwar kibiyarta. "Da wannan na yi miki kitson sunan yarinyar nan, Hajiya. Yau ne ta tsufa?"

Hajiya Inno ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ta rage murya, amma ba yadda Aminat da ke zaune taku uku daga nan ba za ta ji ba. Ta ce ita fa masoyiya ce, shi ya sa za ta faɗa. Magana ta yi yawa a bakin famfo, wasu na cewa a aske aka kawo baƙuwar, shi ya sa ba ta fita. Dangin ango kuma masu bincike ne, za su tambayi inda aka yi wa amarya kitso.

"Ki ɗan buɗe min kan kawai in ga gashi ne. In na gani da idona, ni zan rufe bakin kowa."

Ya Zainaba ta dubi Aminat. Kwana uku tana fama don wannan ranar, ga kuma shaida a hannu: gashi ne, kitso ne, nata ne. Ta miƙe, ta taka zuwa wurin ƙanwarta, ta kai hannu ga kullin ɗankwalin.

Aminat ta riƙe mata wuyan hannu. Hannun ba nama, amma riƙon ya yi ƙarfi.

"Ya, ni ragon layya ce?"

Ta saki hannun yayar, ta kwance ɗankwalin da kanta, ta ajiye a cinya. Rumaisa'u ta toshe hanci, sai kunya ta kama ta, ta sauke hannun.

Tun da ta dawo ba ta yi magana mai tsawo ba sai ranar. Ta ce bayan an kashe Ajimi, yaran sun riƙa aiko wasu mata gida-gida su duba waɗanda mazansu suka mutu, su kai rahoton wadda ta yi a aurar wa ɗayansu. Uwar mijinta, tsohuwa mai ciwon ƙafa, ita ta ba ta dabara. Ta daina sa wa kan ruwa. Kullum da safe ta ɗebi tokar murhu ta kwaɓa da ruwan daddawa ta cusa a tsakanin kitson, ta sosa da farce har ya fashe, ta ɗaure. Ba rashin mai ba ne ya lalata kan, ita ta lalata shi, da gangan, kamar yadda ake kula da shuka. Ta ce in masu duban suka cire mata ɗankwali, tofar da yawu suke yi su fita.

"Sau uku aka zo duba kan nan a Bama," ta ce, tana kallon Hajiya Inno. "Ke ce ta huɗu."

Ta juyo ga yayarta.

"Kwana uku kina jan shi, ba ki tambaye ni ko ina son sa ba. Ya gama aikinsa, Ya. Ki sauke min shi in huta."

Ya Zainaba ta tsaya da hannunta a inda aka sake shi. Fushin da ta yi kwanaki tana rabawa karkashi da keke da matan Laraba ya taru wuri guda, ta rasa inda za ta sauke shi, don rabinsa nata ne. Ashe ba ƙanwarta take yi wa aiki ba, bakin famfo take yi wa. Ta yafa lafaya, ta sa takalmi.

Hajiya Inno ta fara tattara jaka.

"Zauna, Hajiya," in ji Ya Zainaba daga bakin ƙofa. "Gani kika zo yi, ki gani har ƙarshe, kada labarin ya isa famfo da giɓi."

A bakin lungu akwai shagon Ba'ana tela. Da ta ce ya ara mata almakashi, sai ya ɗaga ƙafa daga kan keken ɗinki ya leƙa waje, wai yana duba ko rana ta fito daga yamma. Ta ce ya ba ta kafin ta fara da gemunsa. Ya ba ta babban, na yankan shadda. Ba ta sa shi cikin lafaya ba. A hannu ta riƙo shi, ta bi ta gaban masu kayan miya da matan da ke layin ruwa, tana tafiya a hankali don kowa ya gani.

Da ta dawo gida, sai ta ga ba ta iya aiki da shi ba. Sau biyu ƙarfen yana zamewa a kan dunƙulen gashin kafin ta gane cewa sai ta bi ta ƙarƙashi, dab da fata, kaɗan-kaɗan, tana kauce wa gyambon. Ta fara daga goshi. Da ta zo bayan kunnen hagu, inda tsagarta take, ta ɗan dakata, sannan ta datse. Gashin ya taso kusan gaba ɗaya, kamar hula. Aminat ta shafa kanta da tafin hannu, iska ta taɓa fatar da ta yi wata takwas a rufe, ta ja dogon numfashi ta lumshe ido. Ya Zainaba ta wanke da ruwan ɗumi, ta shafa maganin Peter. Hajiya Inno ta ja hannun 'yarta suka fita ba sallama, ta bar mataji da kibiyar a bakin tabarma.

Gashin mace ba a zubar da shi a bola. Ya Zainaba ta tona rami a gindin dalbejiya, daidai inda take ajiye kujerarta, ta binne, ta taka da ƙafa. Ta mayar wa Ba'ana almakashinsa kafin azahar.

Abin da ta ji tsoro ya faru. Kafin la'asar labarin ya gama unguwa, kuma ba duka aka faɗa ba, zancen toka da daddawa ya faɗi a hanya. A wani wuri aka yi wa Rumaisa'u kitson biki. An yi watanni in Aminat ta je famfo sai layin ya buɗe mata fiye da yadda ake buƙata. Amma tana zuwa, da kanta, gyambon ya warke cikin mako uku, ta fara barci ba tare da ta ɗaure kai ba. Duk wadda ta yi ƙarfin halin tambaya, Ya Zainaba ce ke amsawa: ita ta aske, da almakashin tela, in akwai mai ƙarin bayani ta zo gida.

Bayan wata bakwai gashin ya kai a kama. Ta zaunar da Aminat a tsakar gida ranar Laraba, ta yi mata kitso guda takwas gajeru da tsohuwar kibiya, ta goge kibiyar a zaninta, ta ce wa matan da ke jira mai bi ta matso. Biyu suka tashi suka tafi. Ta uku ta zauna.

Yau Aminat na haɗa turaren wuta tana sayarwa daga gidan, gashinta ya sauko kafaɗa, kuma ita ke cewa a rage bakinsa in ya tsage. Ya Zainaba ta sayi nata almakashin, ƙarami, tana amfani da shi tana mita. Sabon matajin nan da kibiyar kuwa suna rataye a ƙusa jikin dalbejiya, ledar ta ƙone da rana ta yi fari. Mikail ya sha cewa ta jefar ko ta yi amfani da su. Ta ce ba nata ba ne, na Hajiya ne, ta zo ta ɗauka da hannunta.