Bizar Ganin Giwa

Shekarar da kuɗin mai ya fara yi wa ƙasarmu yawa, gwamnati ta turo maigidana Landan ƙaro karatu, ni kuma aka haɗo shi da ni kamar guzuri. Muka kama ɗaki a Peckham, a saman wani shagon jarida da alewa. Masu shagon mata da miji ne 'yan Indiya. Mijin siriri ne mai tabarau, ko gishiri zai zuba a miya sai ya auna. Matar kuwa gajeriya ce mai jiki, bakinta ba ya hutawa. Ta girme ni nesa ba kusa ba, don haka Anti nake ce mata. Turancina na makarantar 'yan mata ne, nata kuma yana tafe yana rangaji, amma muna fahimtar juna sarai, musamman idan zancen ya zo kan barkono.

Ina da ciki a lokacin, cikin fari, kuma ban gaya wa kowa a gida ba. Ta ina zan fara? Ni ce 'yar fari a wurin innata. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, daga "ke" sai "waccan". Ranar da zan taho ma ko zaure ba ta rako ni ba, tana can tana tankaɗe kamar ba ita ta haife ni ba. To wadda ba ta iya haɗa ido da ni, ni ce zan aika mata cewa ina da ciki? Maigidana kuma kunyar surukai ta ɗaure masa baki. Kullum yana Bloomsbury wajen karatu, ni ina zaune ina tunanin wanda zai yi mini wankan jego a garin da kowa ke harkar gabansa. Tsoro nake ji ƙwarai, na dai iya ɓoye shi.

A bangon shagon akwai kalanda mai hoton giwayen Yankari. Ƙanen mijin ne ya aiko da ita, yana koyar da lissafi a wata sakandare a Kano, don a wancan zamanin da wuya ka shiga makaranta ba ka tarar da malami Ba'indiye ba. Anti ta ƙwallafa rai a kan giwayen nan. Tun da aka yi aurenta ba ta taɓa zuwa hutu ba, daga ɗakin girki sai bayan kanta.

Na ce, "Haba Anti, ba ƙasarku ce gidan giwa ba?"

Ta ce, "Tamu kunnenta ƙanana ne, kuma duk 'yan aiki ne, itace suke ja. Ni wadda ba ta da ubangida nake so in gani."

Mijin ya ɗauki shirin tafiyar kamar zai je yaƙi. Fasfon Indiya gare su, duk inda za su nufa sai sun nemi biza. Ya tara hotuna, da katin allurar shawara, da tikitin zuwa da dawowa, da takardar gayyata daga ƙanensa. Ya shimfiɗa taswira a kan firjin askirim, ya ja layi daga Kano zuwa Jos, daga Jos zuwa Bauci, daga nan sai dajin giwaye. Har inda za su tsaya shan shayi ya sa wa alama. Na dube shi na ce a raina, bawan Allah, ba ka san inda za ka ba.

Ranar neman biza na raka su ofishin jakadancinmu, wai ni 'yar ƙasa. Layi muka tarar har waje, Turawa ne reras da kwat da jakunkuna, duk masu neman kwangila, suna rawar ɗari a bakin ƙofarmu. Ikon Allah! Na gyara ɗaurin ɗankwali, na ji har na ƙara tsawo. Da aka zo kan su Anti, ma'aikacin ya tambayi abin da zai kai su Najeriya. Mijin ya buɗe baki zai fara dogon bayani, Anti ta riga shi.

"Giwa."

Mutumin ya ɗago kai ya dube ta, ya fashe da dariya, ya ce tun safe kowa siminti da ƙarfe yake ambata masa. Ba a daɗe ba biza ta fito. Anti ta riƙa nuna wa duk wanda ya shigo sayen jarida hatimin nan, har da masu sauri.

Maigidana ne ya yi suɓutar baki a masallacin Juma'a, ya ce maƙwabtanmu za su Kano. Shi ke nan fa. Mu a wurinmu ba a tafiya gida hannu rabbana, ko kai wane ne. Kafin mako ya zagayo mata sun fara sauka daga bas, wasu tun daga Thamesmead, kowace da ƙunshi.

"Sannu amarya. An ce mutanenku sun yi booking ɗin Kano? Ɗan ƙaramin parcel ne, wallahi ba nauyi."

Ɗan ƙaramin saƙon nan agogon bango ne. Wata ta kawo leshi, wata filas, wata takalman yara, wani likita ya aiko da rediyo. Mijin Anti yana ɗora kowane ƙunshi a ma'aunin alewa, yana cire rigunansa daga akwati don a sami wuri. Da ya nemi adireshi sai a ce masa, "Bayan masallaci, gidan da ke da durumi a ƙofa. Just ask anybody, kowa ya san mu." Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Bai iya cewa a'a ba, don Anti ta riga ta karɓa.

Ni rigar sanyi kawai na ba da a kai wa inna, don gidanmu ma a Kano yake. Na ja Anti gefe na ce kada ta kuskura ta yi zancen cikin nan. Ta ce da wane bakin, ita ba Hausa, inna ba Turanci? Na yarda da ita, wautata ke nan.

Ranar da suka dawo, daga taga na hango mijin ya rame, Anti kuwa ta ƙara kumatu. Na sauko da sauri.

"Anti, yaya giwa?"

Mijin ne ya amsa, a hankali, kamar mai ba da labarin gobara. Ya ce duk gidan da suka kai saƙo sai an zaunar da su an yanka kaza. Su kuwa ba sa cin nama. Sai masu gida su ɗauka ba su da lafiya, a koma a dama fura, a soya ƙosai, a hana su tashi sai rana ta yi sanyi. Saƙon da ya yi wa lissafin wuni ɗaya ya cinye rabin hutun. Duk da haka da sauran damar zuwa Yankari, da a ce ba su biya gidanmu ba.

Anti ta karɓe zancen. Ta ce tana miƙa wa inna rigar sanyin, sai ita Antin ta nuna hotona a bango, ta zana tulu da hannu a gaban cikinta. Na dafe kai. Na ce, "Anti, kin kashe ni!" Ta ce ai ba ta yi magana ba.

Inna ta kau da kai, in ji ta, ta tashi ta shige ɗaka. Da ta fito sai ta sa aka kinkimi akwatinsu aka kai ƙuryar ɗakinta, ta rufe, ta ɗaure makullin a bakin zane. Akwai wata mai jego a maƙwabta. Safe da yamma inna tana jan Anti da hannu zuwa can, ta nuna mata yadda ake tafasa ruwa, yadda ake tsoma ganye a fyaɗa, inda ake dannawa, da yadda ake dama kunun kanwa. In ta yi ba daidai ba a buge mata hannu. Da Anti ta ga ganyen darbejiya sai ta yi ihu, wai ai bishiyar ƙasarsu ce, su ma da ita suke wa mai jego wanka har kwana arba'in. Mijin kuwa yana zaure da babana suna sauraron rediyo, ba mai jin yaren wani, har ranar komawa ta zo.

Kunya ta rufe ni, ga haushi, ga tausayin matar nan da ta ƙetare teku ta dawo ko kashin giwa ba ta gani ba. Na ba ta haƙuri. Ta ce in bari, giwa ba ta gudu. Can na yi ƙarfin hali na tambayi abin da ke cina.

"Ta tambaye ni?"

"Ko sau ɗaya. Ko hoton naki ba ta kalla ba."

Sai ta buɗe akwatin. Inda agogo da leshi suka zauna a tafiya, yanzu kanwa ce, da gero, da yaji, da busasshen ganyen darbejiya ɗauri ɗauri. Zannuwanta na Indiya ma, waɗanda suke ce wa sari, a can ta baro wasu don a sami wuri.

Na haihu cikin hunturu, namiji. Washegarin da aka sallamo ni daga asibiti, Anti ta bar wa mijinta shago, ta hau sama da manyan tukwanenta, ta cika banɗaki da tururi har madubi ya daina nuna mutum. Ta ɗaure sari a ƙugu, ta tsoma ganye. Fyaɗar farko na yi tsalle zan gudu. Ta cafke mini hannu, ta haɗe gira, ta faɗi iyakar Hausar da ta koyo a Kano, da muryar da na sani tun ina yarinya.

"Ke! Tsaya!"

Na tsaya. Na yi ta kuka har ruwan ya huce, ita kuwa tana ta ba ni haƙuri, ta ɗauka zafi ne ya yi mini yawa.