Anti Sauro Ta Ajiye Allura

Ƙarfe bakwai da rabi na safe, a ɗakin gwajin asibiti, ta riga ta goge madubin duba jini, ta jera kwalabe, ta leƙo layi tana tsokana: "Wa ya karya kumallo bai rage min ba?" Majinyatan sashen ƙwaƙwalwa ne suka laƙaba mata Anti Sauro, don kullum jini take nema. Shekara talatin da ɗaya tana amsawa, ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Akwai wani maganin taɓin hankali da ke aiki inda saura suka gaza, amma yakan rage fararen ƙwayoyin jini, sojojin da ke tare wa jiki cuta. In suka yi ƙasa sosai, ɗan ciwon maƙogwaro ma sai ya kai mutum kushewa. Shi ya sa mai shan sa ba ya rabuwa da gwaji. Wani kafinta ya taɓa tsallake nasa, wallahi har shago ta bi shi da allura a jaka.

Ƙanena ya yi shekara tara yana faɗa da muryoyin da shi kaɗai yake ji. Maganin nan ne ya dawo mana da shi. Ana wata na huɗu da fara sha, sakamakon gwajin jininsa ya fito ƙasa, sabon likita ya ce dole a tsayar. Ƙanena ya damƙe hannuna.

"Yaya, kar ki bari su dawo."

Ni kam kuka kawai na iya. Anti ce ta ce, "Likita, ba ni zuwa la'asar."

Ta shige ɗakin tsofaffin takardu, ta fito farar rigarta duk ta yi datti, riƙe da gwajin da aka yi masa ranar da aka fara kwantar da shi, tun bai taɓa haɗiyar maganin ba. Adadin kusan ɗaya ne da na yau.

"Haka Allah ya yi jininsa," in ji ta. "Wasu nasu sojojin kaɗan ne tun asali, kuma garau suke."

Ta sake ɗiban jini, ta ƙirga da idonta. Likita ya kira ƙwararren likitan jini, aka amince ya ci gaba da sha, da sharaɗin gwaji sau biyu a mako. Shekara shida ke nan.

Anti, ke ce ba ki yi ƙyamar ƙura ba saboda ɗan wani. Mai ido a madubi, zuciya a kan layi! Ina ƙaunarki, kuma ba na jin kunyar faɗa a gaban jama'a. Ku masu farar riga da ke tasowa, don Allah ku riƙa buɗe tsohon fayil kafin ku yanke wa mutum hukunci.

Mun gode, Allah ya huta gajiya. Ƙanena ya ce in ba ki haƙuri, ba zai samu zuwa taron sallamarki ba. Ranar yana wurin aiki, kuma shi ne mai riƙe da makullin shago.