Littafin da Inna ta ɗinka mini

Shekarar da aka buɗe makarantar 'yan mata kusa da gidanmu a unguwar Sharafiyya ta Jidda, doka ta ce gwamnati za ta ba kowace ɗaliba littafin karatu kyauta. Amma da rajista ake ƙirga littattafan, ni kuwa babu sunana a ciki. A Jidda aka haife ni, sai dai Baba ya rasu bai gama yi mana iƙama ba, wato takardar izinin zama. Malamarmu, wadda muke kira Abla, ta tausaya ta bar ni ina zama a bayan aji ina saurare.

Ranar rabo kowa ta karɓi nata, ni aka tsallake ni. Ban yi kuka ba, don ni tun ina ƙarama zuciya ce da ni. Amma abin ya ci ni.

Inna gyaɗa take sayarwa a bakin titi. Ba ta san ko alif ba, amma duk takarda mai rubutun Larabci da ta gani a ƙasa sai ta ɗauke, kada a taka sunan Allah. A gwangwanin madara take tara su kafin ta ƙona. Da na zazzage gwangwanin sai na tarar da shafukan littafin aji ɗaya, waɗanda 'yan makarantar maza suka yayyaga. Na jera su iya ganewata, Inna ta ɗinke da zaren buhu.

Da na kai littafin makaranta, Abla ta daɗe tana jujjuya shi. "Yalla, zauna ki buɗe," ta ce. Da shi na koyi haɗa baƙi, ina tsallake darasin da babu shafinsa.

Wata na huɗu mai duba makarantu ta zo. Ta ƙirga kawuna, ta ƙirga littattafai masu hatimi, kai ɗaya ya yi yawa. Bayan ta tafi Abla ta kira ni, ba ta iya kallon idona ba.

"Halas, shi ke nan, ya binti. Ki ce wa mamanki ba za ki dawo ba sai takarda ta fito."

Takarda ta fito, amma a lokacin ina da 'ya a aji ɗaya. Ranar da ta kawo littafinta sabo fil, na ce ta je ta yi wasa. Na zauna na karanta shi daga bango zuwa bango, da yatsa, kamar yarinya. A nan ne na yi kukan.