Sidiku da Jirgin Doya

Shekara ashirin Sidiku yana kamasho a tashar Salaga, bai taɓa barin mota ta tashi da sauran wuri ba. Da aka buɗe kamfanin jirgin saman dakon kaya a Tamale, masu shi suka ce sun samu gwani, suka ba Sidiku aikin lodi, har da hula.

Doya ta kai rabin jirgi, matuƙi ya ce a tashi. Sidiku ya ce, "Ina! Albasar Bawku tana hanya."

Aka yi ta jira har doya ta tsira, kamfani ya rushe. Sidiku ya koma tasha yana bugun ƙirji, wai jirginsu bai taɓa tashi da sauran wuri ba. Da gaskiyarsa, ko sau ɗaya bai tashi ba.